Biza Alkawari Ce: Hukuncin Kuɗin Nuni a Takardar Neman Karatu Waje

A Mashi ta jihar Katsina da ƙauyukan da ke kewaye da ita, tsallaka iyakar ƙasa ba abin a zo a gani ba ne. Mutum kan yi sammako ya shiga Nijar cin kasuwa ko gaisuwar mutuwa, ya dawo ya yi sallar isha'i a masallacin unguwarsu, ba wanda ya tambaye shi nawa ne a asusunsa. Amma ranar da ɗan gidan ya sami gurbin karatu a Kanada ko Birtaniya, sai iyali su tarar da wata iyaka dabam, wadda ƙafa ba ta tsallaka ta sai takarda. Ana son fasfo, da wasiƙar makarantar da ta ɗauke shi, da hoton yatsu, da gwajin lafiya, sai kuma abin da ya fi kowanne nauyi, wato shaidar cewa akwai kuɗin da zai biya makaranta ya kuma ciyar da kansa. Daga 1 ga Janairun 2024 Kanada ta ɗaga kuɗin zaman shekara da take son gani daga dala 10,000 zuwa dala 20,635 na kuɗinta, ban da kuɗin makaranta da na jirgi, kuma ta sake ƙarawa daga baya. Birtaniya na son kuɗin su yi kwana 28 a jere a cikin asusu ba su ragu ba. Amurka kuwa, dokarta ta ɗauka tun farko cewa duk mai neman bizar karatu zama zai je yi, sai in ya gamsar da jami'in da ke gabansa cewa zai dawo. In aka juya waɗannan kuɗaɗe zuwa naira, miliyoyi ne da gonar gero da albashin malamin firamare ba za su taɓa tarawa ba.

A nan dillali ke shigowa. Shi zai zuba kuɗin a asusun yaron ko na kawunsa, su kwana adadin da ake so, a je banki a bugo takardar asusu da hatimi da sa hannu, washegari a kwashe a mayar masa, a ba shi wani kaso na ladan aro. Wannan shi ne kuɗin nuni. Wani kuma sai a rubuta wasiƙar ɗaukar nauyi a kai wa wani attajirin dangi ya sa hannu, alhali shi da mai kai masa duk sun san ko sisi ba zai fitar ba. Wani a ƙago masa takardar aiki a kamfanin da bai taɓa taka ƙofarsa ba, ko takardar filin da ba nasa ba, don a nuna yana da abin da zai jawo shi gida. A ƙarshen fom ɗin kuwa akwai wani ɗan akwati da mai nema ke latsawa, yana shaida cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne. Masu yin haka galibinsu ba 'yan damfara ba ne. Yara ne masu salla biyar, masu ƙoƙari a aji, waɗanda iyayensu suka yi sadaka suka sa malamai addu'a kafin a tura takardun. Shi ya sa tambayar ta cancanci a zauna a kanta da natsuwa: shin darajar ilimi da talaucin mai nemansa sun halatta wannan? Ni dai ra'ayina ba su halatta ba, kuma dalilin bai tsaya ga tsoron kamu ba. Biza alkawari ce tsakanin mai shiga da masu gari, shari'a kuwa ba ta sassauta wa Musulmi a kan alkawari don wanda ya yi wa ba Musulmi ba ne.

Kafin a kai can, ya kamata a kawar da wani ruɗani, domin akwai masu haramta tafiyar kanta, akwai kuma masu ɗaga ta har ta zama uzurin komai. Maganar nan da ta shahara a bakin mutane ta neman ilimi har Sin, malaman hadisi ba su inganta ta ba, kuma ba ma bukatar ta. Tarihin ƙasar Katsina ya ishe mu. Muhammadu bn Muhammadu Alkatsinawi, masanin lissafi da taurari, ya bar nan ya yi Hajji ya zauna a Alƙahira yana karantarwa yana rubutu, har ya rasu a can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. A 1945 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasu malaman makaranta na Arewa suka tafi Landan karo ilimi, Malam Aminu Kano ya bi sawu shekara ɗaya bayansu. Gaskiya ne littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a kowane zaure daga Mashi har Maraɗi, ya karhanta zuwa fatauci ƙasar abokan gaba, amma a wuri guda ya haɗa da ƙasar baƙaƙen fata, wato wannan yanki namu, domin a ƙarni na 10 da aka rubuta shi marubucin yana ganin nan wuri ne da Musulmi ba zai tsira da addininsa ba. Da dalilin ya gushe, hukuncin ya gushe. Ma'aunin ke nan har yau: zai iya tsayar da sallarsa, ya tsare addininsa, ya koyo abin da ke da amfani? In haka ne, tafiya ba laifi, kuma sahabbai da kansu sun zauna shekaru a Habasha ƙarƙashin sarki Kirista. Abin da ya rage shi ne ƙofar da aka bi aka shiga.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan ƙofa, sun kira ta amana ko aminci, wato izinin da mutanen wata ƙasa ke ba baƙo ya shiga cikinsu ransa da dukiyarsa a tsare. Ibn Ƙudama a cikin al-Mugni ya bayyana cewa Musulmin da ya shiga ƙasar abokan gaba da amincinsu haramun ne ya ha'ince su, domin sun ba shi amincin ne da sharaɗin ba zai cuce su ba, ko da ba a furta sharaɗin da baki ba. Muhtasar na Shehu Halilu, littafin da alkalan ƙasar Hausa suka yi ƙarnoni suna hukunci da shi, ya wuce nan: a babin jihadi ya lissafa cikin haramtattun abubuwa cin amanar da fursunan yaƙi zai yi in waɗanda suka kama shi suka amince masa da yardarsa. A dubi wannan da kyau. Mutum ne da aka kama a fagen fama, yana hannun waɗanda suka yaƙe shi, duk da haka in ya ba da kalmarsa da son ransa, kalmar ta ɗaure shi. To ina ga wanda ba a kama shi ba, ba a tilasta shi ba, shi ya kai kansa ya biya kuɗi ya roƙi a bar shi ya shiga, ƙasar da zai je kuma ba ta yaƙi da tasa, hasali ma akwai jakadu tsakaninsu? In amana ta hau kan fursuna, ta fi hawa kan ɗalibi. Sharuɗɗan da magabata suka ce ana fahimtarsu ko ba a faɗa ba, yau a rubuce suke baƙi da fari: ga kuɗin da nake da su, ga wanda zai ɗauki nauyina, karatu zan yi, ba zan wuce awannin aikin da aka yanka mini ba, in izinina ya ƙare zan fita ko in nemi sabo ta hanyar doka.

Hujjar da ta fi kowacce ƙarfi a wurina ita ce labarin Huzaifa bn al-Yamani da mahaifinsa, wanda Imamu Muslim ya ruwaito. Suna kan hanya Ƙuraishawa suka tare su gab da yaƙin Badar, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alkawari cewa Madina za su wuce, ba za su yi yaƙi tare da Annabi (SAW) ba. Da suka iso suka ba shi labari, sai ya umarce su su koma, ya ce za a cika wa Ƙuraishawa alkawarinsu a nemi taimakon Allah a kansu. A tuna halin da ake ciki ran nan. Musulmi ɗari uku da 'yan kai ne, abokan gaba sun kusa dubu, kowane takobi ɗaya yana da daraja, waɗanda aka yi wa alkawarin kuwa mushirikai ne da suka kori Musulmi daga gidajensu suka kuma fito don su gama da su. Babu wani buri da ɗalibi zai kawo yau da ya kai nasarar Badar muhimmanci, babu kuma wani jami'in biza da ya kai Abu Jahil zalunci. Duk da haka aka bar mayaƙa biyu suka juya saboda kalma. Wanda ya ce ai yaƙi ɗan zamba ne, sai a ce masa haka ne, hadisin ya inganta, amma wanda ya faɗe shi shi ne ya mayar da Huzaifa. Dabarar yaƙi tana tsakanin rundunoni biyu da kowacce ta san ɗayar na neman ta. Ba ta shiga inda aka ba da aminci, kuma cika fom a shagon intanet a Katsina ba yaƙi ba ne.

Mafi yawan masu yi ba ma nan suke kafa hujja ba. Cewa suke yi ba a cuci kowa ba: kuɗi sun shiga sun fita, Bature ya ga takardar da yake so, yaro ya tafi karatu, wa aka zalunta? Wannan magana ta ɗauka cewa sharaɗin kuɗi ado ne kawai, alhali tambaya ce ta gaske: in ka sauka cikin sanyi a garin da ba ka da kowa, me za ka ci, ina za ka kwana? A watan Mayun 2024 labari ya bazu na ɗalibai 'yan Nijeriya a Jami'ar Teesside da ke Ingila waɗanda aka dakatar daga karatu, wasu aka ce su bar ƙasar, saboda sun kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci. Waɗannan da kuɗinsu na gaske suka je, faɗuwar naira ce ta cinye su, domin dalar da take wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. In mai kuɗin gaske ya shiga wannan hali, me zai sami wanda asusunsa fanko ne tun ranar da ya hau jirgi? Dogaronsa aiki ne, aikin kuma an ƙayyade shi, awa 20 a mako a Birtaniya lokacin karatu, awa 24 a Kanada. Kuɗin ba za su isa ba, sai ya wuce awannin a ɓoye, ya karya sharaɗi na biyu don ya rufe na farko, aji ya koma abin da ake leƙawa in an sami sarari. Wanda aka fara cuta shi ne yaron, sai uban da ya jinginar da gona. In asiri ya tonu kuwa, Kanada na hana mutum shiga shekara biyar, Birtaniya na iya kaiwa goma, Amurka na iya rufe ƙofa har abada, kuma galibi ba a karɓar uzurin cewa dillali ne ya haɗa takardun. Ɗalibai 'yan Indiya da dama sun ɗanɗana wannan a Kanada a 2023, lokacin da aka gano wasiƙun makarantar da wani dillali ya ba su na jabu ne, bayan wasunsu sun yi shekaru a ƙasar. Daga Disambar 2023 aka wajabta wa makarantun Kanada tabbatar da kowace wasiƙa kai tsaye ga hukuma. Haka abin yake tafiya, wake ɗaya ke ɓata gari, duk takardar ƙarya da aka kama tana ƙara tsananta binciken da za a yi wa yarinyar da za ta zo gobe da takardunta na gaskiya.

Ko da an ajiye Bature gefe, cinikin bai tsarkaka ba tsakaninmu. Wanda ya ba da rancen kuɗi na kwanaki ya karɓi ƙari a kai, me sunan ƙarin in ba kuɗin ruwa ba? Duk ɗalibin zaure ya san rancen da ya jawo riba haramun ne, sauya masa suna zuwa ladan aiki ba ya sauya komai. Alhajin da ya sa hannu a wasiƙar ɗaukar nauyin da ba zai ɗauka ba shaidar zur ya yi, ita ce kuwa zunubin da Annabi (SAW) yana kishingiɗe ya tashi zaune yana ta nanata shi lokacin da yake lissafa manyan zunubai. Abin da ya fi damuna shi ne darasin da yaron ya kwasa. A matakin farko na zamansa babban mutum, iyayensa da kawunnansa, mutanen da suka koya masa alwala, sun nuna masa a aikace cewa gaskiya tana da farashin da in an kai shi ana ajiye ta. Wannan yaro ne muke fatan ya dawo ya riƙe asibiti ko baitulmali.

Akwai hujjar da ta fi waɗannan nauyi, kuma ba na raina ta. Mai ita yana cewa tsarin kansa zalunci ne. Layin da ya raba Katsina da Maraɗi, Ingila da Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, ba su tambayi kowa a nan ba, ba su nuna wa kowa takardar asusu ba lokacin da suka shigo. Sun kwashi gyaɗa da auduga da fata, sun kuma zaɓa mana inda za mu yi karatu: a shekarun 1950 ba su son ɗaliban Arewa su je Masar don tsoron siyasar da za su kwaso, sai aka karkata su zuwa Bakht er-Ruda a Sudan, inda su Malam Abubakar Gumi suka je a 1954. Yau ɗansu na shiga ƙasashe da yawa da fasfo kawai, namu kuwa ya biya kuɗin biza da ba a mayarwa, a ƙi shi da jimla ɗaya da ba ta bayyana komai ba. Jami'o'insu na cajin baƙo ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya. Ma'aunin da suka kafa yana tace masu kuɗi ne, ba masu basira ba, har ɗan ɓarawon gwamnati ya wuce da kuɗin sata na gaske, ɗan manomi mai hazaƙa ya tsaya. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya cancanci a yi fushi a kansa, a rubuta, gwamnati ta yi magana da takwarorinta. Amma zaluncin mai ƙofa bai taɓa zama lasisin yi masa ƙarya ba a wannan addini. Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta ɗauke mu daga adalci. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya hana mu cin amanar wanda ya ci tamu. A Hudaibiyya an rubuta sharaɗin da ya yi wa sahabbai ciwo ƙwarai, cewa duk wanda ya gudo daga Makka za a mayar da shi, sai ga Abu Jandal ya iso yana jan mari a ƙafa, Musulmi ne da ake azabtarwa, aka kuma mayar da shi saboda an riga an ƙulla magana. Mugira bn Shu'uba ya kashe abokan tafiyarsa a jahiliyya ya kwashe dukiyarsu, da ya zo ya musulunta aka karɓi musuluncinsa aka ƙi taɓa dukiyar, domin ta hanyar yaudara ta zo. Ban da haka, ƙaryar ba ta rama komai. Ba ta dawo da buhun gyaɗa ɗaya ba, ba ta rage wa jami'ar can kwabo ba, dillalin gida kawai ta azurta.

Sai masu kiran larura. Larurar da ke halatta haram a wurin malamai ita ce wadda in ba a yi ba rai ko gaɓa ko addini zai salwanta, ba kuma wata hanya, kuma a ɗauki gwargwadon bukata kawai. Wanda ke gudun kisa yana da nasa hukunci. Digiri na biyu a Toronto kuwa buri ne mai kyau, amma rashinsa ba ya kashe kowa. Daga Mashi mota ɗaya ce zuwa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga ta tarayya a Dutsin-ma, ga Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya. Na san yajin aiki da cunkoson aji da ƙarancin kayan gwaji, na kuma san akwai fannonin da sai an fita ake samun su yadda ya kamata. To amma in ilimin likitanci da injiniyanci farilla ce ta al'umma, kamar yadda malamai suka ce, nauyin kuɗinsa ma a kan al'umma yake, ba a kan lamirin yaro ɗan shekara ashirin ba. Mutanen Kanem sun gane wannan tun ƙarni na 13, suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira don masaukin ɗalibansu da alhazansu. Gwamnatin Katsina ta Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta tura ɗalibai Masar karatun likita, wasu kuma Sin, wannan hanya ce ta gaskiya ko da ba ta isa kowa ba. Attajirin da ke iya ba da aron sunansa a takarda yana iya ba da zakkarsa, domin malamai da yawa sun halatta ba da ita ga matalaucin da ya duƙufa neman ilimi mai amfani. Ƙungiyoyin ci gaban gari da ke tara kuɗin bikin naɗi suna iya kafa wakafin da zai ɗauki yaro ɗaya ko biyu a shekara. Kuɗin nuni ya samu kasuwa ne a gurbin da waɗannan suka bari.

Ba ina nufin mai gaskiya hannunsa a ɗaure yake ba. Filinsa ya fi yadda ake zato faɗi, tsananin da ba dalili kuwa shi ma ɓarna ne. In kawu ya ba da kuɗi kyauta, ko rance na gaske da za a kashe a karatun a biya daga baya ba ƙari, aka kuma bayyana shi yadda yake, babu ƙarya a ciki. In dangi goma suka yi karo-karo suka tara a asusu ɗaya, sai a rubuta bayanin inda kuɗin suka fito. Ba a wajabta wa mai nema ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba, kuma tsara takardu da kyau don su fito da ƙarfinsa ba ha'inci ba ne. Batun niyyar dawowa ma yana da sauƙi fiye da yadda ake ɗauka. Dokar Kanada ta yarda mutum ya zo karatu yana kuma fatan neman zama daga baya, muddin zai fita in ba a ba shi ba. Wanda ya tafi da niyyar dawowa, daga baya hali ya sauya ya nemi izinin aiki ta hanyar doka, bai karya komai ba. Wanda ya karya shi ne wanda ya tsaya gaban jami'i ya ce zai dawo alhali ya riga ya ƙudurta ɓacewa. Wasu na fakewa da tauriyya, wato faɗin magana mai fuska biyu, suna cewa ai lokacin da aka buga takardar kuɗin suna cikin asusun. Har ma za su iya cewa Huzaifa da mahaifinsa sun gaya wa Ƙuraishawa Madina kawai suka nufa. Amma su a hannun masu takobi suke, kuma duk da haka alkawarin da ya biyo baya ya ɗaure su. Annabi (SAW) ya bayyana cewa rantsuwa tana kan niyyar mai rantsarwa, abin da jami'in ke tambaya kuwa kowa ya san shi: kuɗin nan naka ne da za ka kashe? Ja'afar bn Abi Ɗalib ya tsaya gaban Najjashi sarkin Habasha aka tambaye shi abin da Musulmi ke cewa game da Annabi Isa (AS), amsar na iya jawo a kore su a miƙa wa Ƙuraishawa, ya faɗe ta yadda take.

Wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa yana ɗauke da alkawari biyu, na biyun ma ya fi nauyi domin kuɗin talakawa ne. Asusun TETFund ya dakatar da tura malaman manyan makarantu karatu waje daga Janairun 2025, cikin dalilan da ya bayar har da waɗanda ke gamawa su ƙi dawowa. Kowane ɗayansu yana da uzurinsa na albashi da tsaro, amma ƙofar da suka rufe a kan na bayansu ta rufu.

Saura wanda ya riga ya tafi ta wannan hanya, yanzu zuciyarsa na damunsa. Ba na ganin daidai ne a ce masa karatunsa ya haramta ko albashin da zai ci da shi ƙazanta ne. Ƙaryar zunubi ce da ta faru a ƙofa, tuba na shafe ta, jarrabawar da ya zauna ya ci da kansa kuwa tasa ce. Abin da ke kansa shi ne ya yi nadama, ya tsare sauran sharuɗɗan da ya sa wa hannu, kada ya maimaita ƙaryar lokacin sabunta izini, kada kuma ya zama shi ne mai haɗa ƙannensa da dillalin. Hukuncin ya bambanta in takardar ilimin ce kanta ta jabu. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya nuna yadda ya sami digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida bai shiga aji ba, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a Janairun 2024. Mai irin wannan takarda ƙaryarsa ba ta tsaya a ƙofa ba, tana sabuntuwa duk wata da ya karɓi albashi da ita, duk ranar da ya tsaya gaban aji ko gadon majinyaci da sunan ilimin da ba shi da shi. Shi tubarsa ba ta cika sai ya ajiye takardar ya koma ya yi karatun.